Shaidu Tara da Hannun Hagu

A layin masu buga takardu da ke fuskantar kotu, rumfa ta huɗu daga famfo ita ce ta Kawu. Rumfar kwano ce, in mutum ya miƙa hannuwansa biyu sai ya taɓa bango da bango. A ciki akwai tebur, da kujerar da aka tallafi ƙafarta ɗaya da bulo, da bencin masu jira, da firinta mai tari kamar tsohon mashayin taba, sai kwamfutar tebur wadda fuskarta ta yi jirwaye a kusurwa. Shekara goma sha tara ya yi a wurin. Kawu sunan gida ne. Mutanen layin Yatsa Goma suke ce masa, saboda shi kaɗai ne a cikinsu yake bugu da yatsunsa duka ba tare da ya kalli maɓallan ba, sauran kuwa tsattsaga suke yi da yatsa biyu kamar kaza ta sami tsaba. A kan tafireta ya koya tun yana saurayi, wurin wata tsohuwar sakatariya da take rufe masa hannu da tawul, in ya leƙa ta sakar masa rula a ƙeya.

Ba mutum ne mai sanyi ba, kuma ’yan gidan ba sa ɓoye wannan. Mahaifinsu ya rasu Kawu yana ɗan shekara sha shida, ƙaninsa Auta yana goye, kuma tun daga ranar duk wanda ya taɓa Auta sai jikinsa ya gaya masa. Ya taɓa zubar wa wani kwandasta haƙora biyu don ya hankaɗo ƙanin nasa daga mota tana tafiya. Ya taɓa bin wani malamin makaranta da ƙafar benci har cikin ofis. Inna, mahaifiyarsu, takan ce ita ɗa ɗaya ta haifa da garwashi ɗaya. Girma ya rufe garwashin da toka, amma bai kashe shi ba.

Abin da ya zaunar da shi wuri ɗaya shi ne ’yan ƙananan manhajoji. Bai taɓa haɗa kwamfutarsa da intanet ba, ya ce ƙofa ce marar sakata. Amma a bayan kasuwar kayan wuta yana da aboki mai gyaran kwamfuta, ana ce masa Injiniya, wanda yake sayen tsofaffin kwamfutocin ofisoshi da makarantu lodi guda. Kafin Injiniya ya wanke su, sai Kawu ya zo da filas ɗinsa, ’yar ma’ajiyar fayil da yake ratayawa a wuya da igiyar takalmi, ya bi su ɗaya bayan ɗaya kamar mai kala a gona bayan girbi. Takardun mutane ba ya taɓawa. ’Yan manhajojin nan yake nema, waɗanda ba su kai nauyin hoto guda ba, ba sa neman rajista, ba sa cin data, danna su kawai za ka yi su tashi. Ba ruwansa da sunan da masu su suka sa musu, shi yake raɗa nasa. Akwai Mai Tono, wadda take dawo da fayil ɗin da aka goge bisa kuskure, kuma ta share wa ɗalibai da yawa hawaye. Akwai Alƙali, wadda in ka ba ta takardu biyu masu kama da juna take jan jan layi a duk inda suka saɓa. Akwai wata da take sa maɓallan su yi ƙarar tafireta, har da ’yar ƙararrawar ƙarshen layi, ita yake kunnawa in kewar da ta taso masa. Akwai mai nuna taurari. Sai Kura, wadda in ta cinye fayil, ko Mai Tono ba ta samun ƙashi.

“Tsakani da Allah, me za ka yi da taurari?” in ji Injiniya wata rana. “Ko tuƙin jirgi za ka koma?”

“Kai da ka tara kawunan kwamfuta matattu har rufi, me za ka yi da su? Miya?”

Auta kuwa a wurin fasa dutse yake aiki, can bayan gari. Aikinsa usur. In an dasa nakiya, shi ne zai zagaya ramin, ya tabbata kowa ya fito, ya busa sau uku, sannan a tayar. Wata Talata da hantsi nakiya ta tashi ba a busa ba, mutum biyu suna cikin rami. Ɗaya sai tsintar sa aka yi gutsi-gutsi aka haɗa a buhun siminti. Ɗayan dutse ya danne masa ƙirji, ya yi ta kiran ruwa har ya cika. Ƙura ba ta gama lafawa ba Foman, shugaban leburori, ya nuna Auta da yatsa. Masu gadi suka rufe shi da bututun ƙarfe da bel, suka ja shi a ƙasa ta ƙafa har bakin get, suka miƙa shi ga ’yan sanda da laifin kisa ta hanyar sakaci.

Kawu ya gan shi sau ɗaya kafin a wuce da shi gidan yari. Fuskar ta kumbura har ba a gane ta, kunnen hagu yana tsiyayar jini. “Yaya, shi ya aike ni,” abin da kawai ya iya faɗa ke nan. Foman ne ya tura shi bakin get ya karɓo makullin sito, sannan da ya ga manyan motoci sun yi layi suna jiran dutse, ya ce a tayar. Leburori goma sha ɗaya sun ji da kunnensu.

Lauyar da ta karɓi shari’ar mace ce mai ƙaramin jiki da ƙatuwar jaka. Ta zauna a bencin Kawu ta gaya masa gaskiya ba kwana-kwana. Maganar baki ba za ta fitar da Auta ba. Sai an buga bayanin kowane lebura yadda ya faɗa da bakinsa, a karanta masa, ya dangwala yatsa a gabanta. Cikinsu ba mai iya rubutu. Sakatarenta ya ajiye aiki ranar da ya ji a kan wurin dutsen wa ake magana. Kawu ya bi layin rumfa rumfa yana neman wanda zai kama masa, don aikin ya yi sauri.

“Yatsa Goma, ka yi haƙuri, mu da iyali,” in ji na rumfa ta biyu.

“Ni daga sama na faɗo ke nan?”

“Ba haka ba ne. Kowa ya ɗebo da zafi, bakinsa.”

Sai ya kama shi kaɗai. Leburorin suka riƙa zuwa lokacin hutun rana, ɗaya-ɗaya, kamar masu neman a buga musu takardar neman aiki. Cikin kwana biyu ya gama uku. Ya yi taka-tsantsan irin wanda shi kansa ya yaba wa kansa: da firinta ta fitar, sai ya kulle takardun a aljihun tebur su jira Lauya, fayil ɗin kuma ya miƙa wa Kura. Ko an ɗauke kwamfutar ba za a ga komai ba.

To amma akwai kwali a ƙarƙashin teburin. Kowace rumfa a layin tana da irinsa, tun zamanin tafireta. Shafin da ya ɓaci nan ake jefa shi, da yamma wata dattijuwa mai sayar da gyaɗa ta bi layin ta kwashe don ƙunshi, ta ajiye wa kowa ’yar gyaɗa a gefen tebur. Ba wanda yake tunanin abin, kamar yadda ba a tunanin numfashi. A bayani na biyu firinta ta ja baƙin layi a tsakiyar shafi. Kawu ya yi tsaki, ya sake bugawa, hannunsa kuma ya jefa ɓataccen a kwali ba tare da ya shawarci kansa ba. Mai gyaɗar nan har bakin get ɗin wurin dutse take kai talla.

Ranar Alhamis wajen ƙarfe sha ɗaya, rana tsaka, kotu cike da mutane a tsallaken titi, mutum uku suka shigo rumfar. Na gaban yana da tabo daga kunne zuwa gefen baki, da shi ake kiransa, Mai Tabo, shi ne babban masu gadin wurin. Ya ciro takarda daga aljihu, ya warware ta a kan teburin, ya goge ta da tafin hannu. Duk maiƙo ne, ga baƙin layin a tsakiya.

“Malam, aikinka ne wannan?”

Kawu ya duba. Bai ɗauke kai ba. “Takarda ce. Garin nan cike yake da firinta.”

“Tsohuwar ta ce rumfa ta huɗu. Ta ce kai ne ma ka fi kowa kyauta.” Ya yi murmushi, tabon ya tattare. “Ina sauran?”

“Fita min daga rumfa.”

Na biyun ya miƙa hannu zuwa aljihun tebur. Kawu bai san lokacin da ya miƙe ba. Ya cafki wuyan rigarsa ya sa masa goshi a hanci, ya ji abin ya ba da ƙara kamar an taka busasshen kara, jini ya feso har fuskar kwamfuta. Ya juya kan na ukun da gwiwar hannu. Amma rumfar ta yi ƙanƙanta, shekaru kuma sun yi nasu aikin. Suka danne shi a kan teburin, ɗaya ya shaƙe shi da damtse, mai fasasshen hancin ya hau kan hannunsa na dama ya shimfiɗa shi a kan katako. Mai Tabo ya zaro gudumar fasa dutse daga cikin riga, ’yar gajeruwa mai kauri.

“An ce da goma kake aiki,” in ji shi. “Sun yi maka yawa.”

Sau uku ya sauke ta. Na farkon Kawu ya ji shi har cikin haƙoransa. Na biyun ya ji muryar wani tana ihu, sai daga baya ya gane tasa ce. Na ukun bai ji ba, gani kawai ya yi: bayan hannun ya lotsa, yatsun sun kalli inda bai kamata su kalla ba. Suka sake shi ya zame ƙasa. Yana kwance ya ga an ratsa gudumar cikin fuskar kwamfutar, an jefo akwatinta waje an bi shi da duka, an ɓalle aljihun teburin, an cinna wa bayanai ukun ashana a bakin ƙofa. Ta ƙarƙashin benci yana hango layin. Ɗaya bayan ɗaya, ƙofofin kwano suna rufuwa a hankali, kamar masu su ba sa son su tashi mai barci.

A asibiti likita ya ce ƙashin ya karye wuri shida, yatsa biyu kuma kada ya sa rai za su sake lanƙwasa. Aka ɗaure hannun da filasta har gwiwa. Lauya ta zo da yamma, ta tsaya a gefen gadon da jakarta a ƙirji. Ta ce an sallami leburorin goma sha ɗaya daga aiki, kuma ranar Litinin da safe mota za ta kwashe su ta mayar da kowa garinsu. In suka watse, sai dai a lahira.

“Ukun da ka gama, ba ka da kwafi?”

“Na ba Kura.”

Ta dubi Inna, don ta zaci zafin ciwo ne yake magana. Inna ba ta kula ta ba. Ta kama ƙafar ɗanta ta ce, “Babba, sun ɗauke min ɗaya. Kada ka sa su cika biyu.”

“Inna, in na kwanta a nan, ɗayan ma ba zai dawo ba.”

Washegari ya zare ƙarin ruwan da kansa ya fita, ya nufi shagon Injiniya. Filas ɗin yana wuyansa, ba wanda ya kula da igiyar takalmi. Injiniya ya ga hannun ya kau da kai, sannan ya ja shi ɗakin baya, inda matattun kwamfutoci suke jere har rufi, ya tayar masa da guda. Ya ce ɗaki da wuta da firinta ya bayar, amma kada a sa shi bugu, don shi ko lafiya lau shafi ɗaya sai ya ci masa awa.

Kawu ya gwada da hagu. Rabin maɓallan hagun ya san su kamar hanyar gidansu, amma ɗaya rabin sai ya tsallaka ya nema da ido, harafi harafi, kamar baƙo a kasuwa. Shafi ɗaya ya ci minti arba’in. Bayanin kowane mutum shafi huɗu ne ko biyar, kuma rana ɗaya tak leburorin za su iya haɗuwa, Lahadi. Ko ɗan aji ɗaya ya san ba za ta yiwu ba. Ya ɗauki kibod ɗin ya maka shi da bango, maɓallai suka watse kamar haƙora.

“Ka ga, ni ba ni na fasa maka hannu ba,” in ji Injiniya, yana tsintar su. “Yatsa Goma, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ka haƙura.”

“Kawo wani.”

“Don ka fasa?”

“Kawo wani, na ce.”

A cikin filas ɗin akwai wata folda da ya sa wa suna Tarkace, inda yake zuba manhajojin da ya gwada sau ɗaya ya ga ba su da rana. Can ya tuna da wata da ya samo a kwamfutar wata makarantar nakasassu shekaru shida baya. Madubi ya sa mata. Aikinta ɗaya ne: in ka danne dogon maɓallin nan na ƙasa da babban yatsa, sai ɓangaren hagu ya rikiɗa ya zama na dama, a juye, kamar yadda fuska take juyewa a madubi. Harafin da manunin dama yake bugawa, manunin hagu zai buga shi a daidai wurin. Na ƙaramin yatsa, ƙaramin yatsa. Ka saki dogon maɓallin, hagu ya koma hagunsa. Ranar da ya fara ganin ta dariya ya yi, ya ce wane mai hannu biyu ne zai wahalar da kansa.

Awar farko shirme ya yi ta fitowa. Kansa ya ɗauki ciwo kamar ana sara. Abin da ya fi komai azaba shi ne hannun daman bai san an sallame shi ba: duk harafin da yake nasa, sai karyayyun yatsun su motsa a cikin filasta, zafin ya harbo har kafaɗa. Ya sa Injiniya ya ɗaure masa hannun a jikin kujera da wayar wuta, ya cusa tsumma a baki, ya ci gaba. Wajen azahar wani abu ya faɗa daidai. Ya rufe ido, sai ya ga hagun ya san hanyar, kamar ƙanin da ya daɗe yana kallon yayansa yana aiki bai taɓa cewa ya iya ba. Ranar Asabar da yamma yana buga shafi cikin minti tara. Rabin saurinsa na da ke nan, amma ya fi duk layin kotu.

Lahadi da safe leburori tara suka zo, biyu sun noƙe. Suka cika ɗakin bayan, suna warin gumi da ƙurar dutse, suna zaune a kan matattun kwamfutoci. Lauya ta shimfiɗa tawada a kan kwali. Kowa ya zo ya zauna kusa da Kawu ya faɗi abin da ya gani, hagun yana bin bakinsa. Ɗaya ya ce shi ya tsinci ƙafar da takalmin a jiki. Ɗaya ya ce shi ya kawo ruwan, amma kafin ya iso mutumin ya daina kira. Kowannensu ya maimaita kalmar Foman, cewa motoci ba za su jira usur ba. Kawu bai ɗaga kai ba. Gumi yana ɗiga daga haɓarsa kan maɓallai, firinta tana tari tana fitarwa, Lauya tana karantawa, ana dangwalawa. Shafin da ya ɓaci, da kanta take yayyaga shi ta zuba a jakarta.

An gama na takwas ke nan, wajen la’asar, suka ji an doki ƙofar shagon. Ɗaya daga cikin biyun da suka noƙe ne ya kai wa Mai Tabo labari. Injiniya ne ya fara tarar su, suka shimfiɗe shi da rodi a kafaɗa, suka tako kansa suka wuce. Su huɗu ne wannan karon, Mai Tabo a gaba. Sai dai sun zo ne da lissafin mutum ɗaya mai hannu ɗaya. Ba su san ɗakin cike yake da mutanen da sana’arsu fasa dutse ba.

Ƙofar ɗakin ba ta ɗaukar mutum biyu. Na farkon da ya kutso aka tarbe shi da kan kwamfuta a fuska, gilashi ya tarwatse. Rodi ya sauka a kan wani dattijon lebura, shi ne na tara da ba a buga nasa ba, kansa ya dare, jini ya rufe masa ido. Aka kacame. Ana jifa da duk abin da hannu ya kai, ana cizo, ana shaƙa, kanta guda ta rufto da kayanta a kan mutane. Kawu ya fizge hannunsa daga ɗaurin kujera. Mai Tabo ya ratso ta tsakiya yana neman firinta da takardun, Kawu ya tare shi da filastar a muƙamuƙi. Filastar ta tsage. Zafin ya ɗauke masa gani na ɗan lokaci, amma Mai Tabo ya faɗi. Kawu ya durƙusa masa a ƙirji, ya laluba da hagu ya ɗauko batirin nan mai nauyi da ake ajiye wuta da shi, ya ɗaga shi sama da kan mutumin. Mai Tabo yana kallon sa, bakinsa cike da jini. Sauran ukun sun riga sun ja jiki. Ɗakin ya yi tsit, sai nishi.

“Malam,” in ji Lauya daga bayan firinta, takardun a rungume. Muryarta ba ta tashi ba. “In ka sake shi a kansa, gobe ɗaki ɗaya za ku kwana da ƙaninka. Kuma saura mutum ɗaya.”

Kawu yana riƙe da batirin a sama. Ya daɗe a haka, har wasu suka kau da kai. Sannan ya sauke batirin a ƙasa, dab da kunnen Mai Tabo, da ƙarfin da ya fasa simintin. Leburori biyu suka ja mutumin ta ƙafa suka watsa shi a kwata.

Aka ɗaga kujerar, aka kakkaɓe gilashi daga kan maɓallan. Dattijon ya zauna da tsumma a ka, ya fara bayani daga sunan garinsu, a tsanake, kamar ba abin da ya faru. Jini yana fitowa ta tsagar filastar Kawu yana ɗiga a kan wandonsa. Ya buga shafi huɗu. Da aka zo dangwalawa Lauya ta kama hannun dattijon ta duba.

“Baba, je ka wanke yatsan nan. Kotu tawada ta sani.”

Litinin da safe, lokacin da motar take fita da leburorin daga gari, Lauya tana gaban magatakarda ana buga wa bayanai tara hatimi. Shari’a kuma ta yi tafiyarta ta hawainiya. Foman ya ɓace, har yau ba wanda ya tsayar da shi gaban alƙali. An sake ɗaure hannun Kawu, ya warke a karkace, yatsu uku a sandare. Injiniya ya haɗa masa wata kwamfutar daga tarkacensa, ya koma rumfa ta huɗu. Maƙwabtan layin suka zo yi masa sannu, ya amsa wa kowa ba tare da ya nuna masa benci ba.

Wata biyar Auta ya yi a tsare. A duk tsawon lokacin Kawu bai je ziyara ba ko sau ɗaya, kuma ya kafa wa gidan doka kada wanda ya gaya wa Auta labarin hannun. Ya ce mutumin da ke kulle ba shi da abin yi sai tunani, in ya ji, zai kama wani mai gadin gidan yari da faɗa ya ƙara wa kansa. Inna takan je da abinci, in Auta ya tambayi yayansa ta ce aiki ya yi masa yawa.

Ranar da kotu ta sallami Auta, bai bi Inna gida ba. Ya tsallaka titi ya nufi rumfar, ya rame, yana karkata kai gefe guda saboda kunnen hagun ya mutu. Kawu yana buga wa wata mata takardar haya. Ya ga inuwa a bakin ƙofa, ya gane ta, bai daina bugu ba.

“Yaya.”

“Ka fito?”

“Wata biyar, Yaya. Ko maƙiyi ya leƙo. Titi ɗaya ne tsakaninka da kotun nan, ana kawo ni ana mayarwa, ban taɓa ganin ka ba. In kai ma ka yarda ni na kashe su, ka faɗa min a ido.”

Kawu ya ci gaba da bugu. Auta ya matso zai ƙara magana, sai ya lura hannu ɗaya ne yake yawo a kan maɓallan. Ya bi ɗaya kafaɗar da ido har ƙasa, zuwa abin da ke kwance a kan cinyar yayansa. Ya tsaya. Ya durƙusa a ƙasan rumfar, ya miƙa hannu kamar zai taɓa, ya fasa.

“Wa ya yi?”

“Tashi, wandonka zai yi datti.”

“Yaya, wa ya yi?”

“Me za ka yi masa, da wannan wuyan naka kamar na tsintsiya?” Kawu ya tura benci da ƙafa. “Zauna can, ta gefen kunnen da yake ji. Baiwar Allah nan tun safe take jira, kuma ka tsare min haske.”

Auta ya zauna. Matar ta matsa masa, ta ci gaba da faɗin iyakar gidan daga inda ta tsaya.